Motata Ruwa-Biyu Ta Koma Shan Mai da Shigowar Hunturu: Batir Ne Ya Gaji?

Tambaya

Ni malamin makaranta ne, gidana yana Gaffati, aikina yana cikin Damagaram, kullum sai na shiga na dawo. Da daminar bara na sayi Toyota Prius ƙirar 2010, ta hannu, irin motar nan mai haɗa fetur da batir. Har zuwa kaka ban ga aibinta ba. Lita 5 kan kai ni kilomita 100, kuma idan na tsaya a mararraba injin yakan yi tsit kamar an kashe shi. To tun da sanyi ya shigo a Disamba sai ta sake hali. Ina tayar da ita da safe injin zai kama, ba zai yi shiru ba har in kusa shiga gari. Idan na danna maɓallin EV sai ta yi ƙara ta ƙi. Yanzu tana neman lita 7. Wani bakanike ya ce babban batirin ne ya gaji, in kawo kuɗi a sa wani, kuma abin da ya yanka mini ya fi ƙarfin albashina nesa. Shin sanyi yana kashe batirin irin wannan mota? In saya, ko in dakata?

Wani malami, Gaffati

Amsa

Mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Duk alamomin da ka lissafa, babu ko ɗaya da ke nuna batir ya gaji. Alamomin injin da bai samu ya yi zafi ba ne, kuma wannan ciwo maganinsa yana da araha. Idan aka ciro batir aka sa wani alhali matsalar tana wajen injin, an bar jaki ana dukan taiki ke nan, kuma sanyin baɗi zai same ka inda na bana ya bar ka.

Ka yi daidai da ka damu. A kan farashin da gwamnati ta tsayar a Yulin 2024, wato sefa 499 kowace lita, ƙarin lita 2 a kowane kilomita 100 ba wasa ba ne. Mai yin kilomita 800 a wata zai ƙara lita 16, kusan jika takwas. Kuma mun ga yadda mai yake a ƙasar nan: matatar SORAZ tana kan hanyar Tanut tun 2011 tana tace ganga 20,000 a rana, amma tun da Najeriya ta janye tallafin mai a Mayun 2023, man ruwa-ruwa da ake shigowa da shi daga can ya daina araha, kowa ya koma gidan mai, har aka sha dogayen layuka a Maris 2025. Wanda ya sayi mota don gudun wannan, dole ya ji ciwo idan ta fara cin amanarsa. Bari mu bi abin daki-daki.

Batirin motarka randa ce

Mutane da yawa suna ɗaukar motar haibirid, wadda nake kira ruwa-biyu, a matsayin motar lantarki da aka ƙara wa injin. A gaskiya motar fetur ce da aka ba ɗan mataimaki. Tun Prius ta farko da Toyota ta fitar a Japan a 1997, haka tsarin yake. Irin taka ba a jona ta da wutar gida, saboda haka duk wutar da ke cikin batirinta daga fetur ta fito: ko injin ya juya janareta ya zuba, ko kuma ka taka burki motar ta kama ƙarfin gudun da fetur ya riga ya ba ta, ta mayar da shi wuta.

Batirin da ke bayan kujerar baya, ƙwayoyi 28 ne aka jera, jimillarsu volt 201.6, kuma duk abin da yake ɗauka bai wuce kilowat-awa 1.3 ba. Kwamfutar motar ba ta yarda ya cika fal, ba ta yarda ya ƙare tas. Tana riƙe shi tsakanin kashi 40 da kashi 80 cikin ɗari, don ya yi tsawon rai. Ashe abin da ake moro bai fi rabin kilowat-awa ba. Lita ɗaya ta fetur kuwa tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kusan kilowat-awa 9. Ka ga tanki shi ne rijiya, batir kuwa randa ce da ake zuba abin da aka ɗebo, a kamfata idan buƙata ta taso. Shi ya sa ko a ranar da komai yake daidai, maɓallin EV ba zai kai ka fiye da kilomita ɗaya zuwa biyu ba, kuma a hankali. An yi shi ne don fita daga gida da asuba ba tare da tada maƙwabta ba, ko gyara fakin.

To ina sirrin rashin shan man? Yana wajen kashe injin a duk lokacin da aikinsa asara ne: a tsaye, a gangara, a cikin cunkoson Kasuwar Dole. Amma kwamfutar tana da sharaɗi kafin ta kashe shi. Sai ya yi zafi.

Abin da safiyar hunturu ke yi

Injin yana aiki da kyau ne idan ruwan lagireto ya kai digiri 80 zuwa 90. Da bazara, motar da ta kwana a Gaffati tana tashi da ɗumi a jikinta, kafin ka hau kwalta ta kusa kai wa. A Disamba da Janairu kuwa, daren Damagaram yakan sauka zuwa digiri 14 ko 15, wani dare ma ƙasa da 10, musamman a wuraren da ke kusa da fadama da lambuna inda sanyi ke kwanciya. Ƙarfen injin, da baƙin mai, da ruwan duk sun kwana a wannan sanyi. Tazarar da za su hau ta ƙaru, kuma fetur ne ke biyan kuɗin hawan.

Abu huɗu ne ke faruwa a mintoci goman farko.

Na ɗaya, fetur ba ya tashi ya gauraya da iska yadda ya kamata a cikin injin mai sanyi, sai kwamfutar ta ƙara yawan wanda take fesawa. Na biyu, baƙin mai ya yi kauri, sassan injin suna juyawa da ƙyar. Na uku, akwai tukunyar tace hayaƙi a jikin salansa, wadda ba ta fara aiki sai ta kai kusan digiri 300. Motar tana tayar da injin da gangan don ta gasa ta, kuma wannan ita ce kamawar da kake ji jim kaɗan bayan fitilar READY ta kunnu. Na huɗu, kuma shi ne wanda aka fi mantawa da shi, hita. Ɗumin da ke hura maka a ƙafa daga ruwan injin ake satar sa. Kana kunna hita, kana janye zafin da injin ke ƙoƙarin tarawa, kuma kana ba kwamfutar umarnin kada ta kashe shi. Gwada da kanka: wata safiya idan ka tsaya injin yana ta aiki, kashe hitar gaba ɗaya. Sau da yawa za ka ji ya yi shiru nan take.

Akwai wani abu kuma game da irin wannan inji. Saboda an ƙera shi ya riƙa cin moriyar fetur sosai, zafin da yake zubarwa kaɗan ne, ga shi kuma ana yawan kashe shi. Ashe ingancinsa ne yake sa shi jinkirin ɗumama. Tsohuwar Peugeot 504 ba ta san wannan matsala ba, don ita a kowane lokaci ɓarnar mai take yi, rani da damina.

Yanzu haɗa wannan da irin tafiyarka. Daga Gaffati zuwa cikin gari gajeruwar hanya ce. Kafin injin ya gama yin zafi ka iso makaranta, ka kashe, ya huce. Kowace safiya kana biyan kuɗin hura wuta, amma ba ka daɗewa a kan murhun balle ka ci ribarsa. Da Yamai za ka, kilomita kusan 900, da wannan asarar ta mintoci goma ta narke a cikin doguwar tafiya ba ka ko lura ba.

Shi batirin fa? Sanyi yana rage masa kuzari, gaskiya ne, kuma idan ya yi sanyi sosai kwamfutar takan rage yawan wutar da take ja ko take zubawa. Amma wannan ya fi tsanani ne a inda ruwa ke daskarewa. Digiri 10 zuwa 15 ba ya yi masa lahani, kuma 'yar kasalar da yake yi da safe tana wucewa da zarar ya fara aiki.

Lissafin Turawa da namu

Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta bayyana cewa a sanyin digiri 7 ƙasa da sifili, motar fetur zalla tana rasa kusan kashi 15 cikin ɗari na nisan da lita ke kai ta a zirga-zirgar cikin gari, idan aka kwatanta da yanayin digiri 25. A tafiyar kilomita biyar ko shida, asarar takan kai kashi 24. Ruwa-biyu kuwa takan rasa kashi 30 zuwa 34. Wannan ne ya sa ake cewa haibirid ba ta son sanyi.

Ka lura da abu biyu. Ko bayan wannan asara, ruwa-biyu ba ta kai motar fetur mai girmanta sha ba. Faɗuwarta ce ta fi fitowa fili saboda daga sama ta faɗo. Sannan wancan sanyin Kanada ne da arewacin Amurka. Namu bai kai ko kusa ba. Daga lita 5 zuwa 6 a hunturu, a gajeruwar tafiya, wannan abu ne da za a iya tsammani. Daga 5 zuwa 7 ya yi yawa ga sanyin Damagaram shi kaɗai. Akwai hannun mutum a ciki, kuma ina zargin wurare uku.

Wurare uku da za ka fara dubawa

*Tamostat.* Wannan ɗan ƙaramin bawul ne da ke tare ruwa kada ya tafi lagireto har sai injin ya kai kusan digiri 82. A garejinmu akwai daɗaɗɗiyar al'ada: mota na isowa daga Kwatano ko Lome sai a cire shi a yar, a ce na ƙasar sanyi ne, wani lokaci ma a haɗa fankar lagireto kai-tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa. A tsohuwar mota wannan ɓarna ce da ba a cika gani ba. A ruwa-biyu kuwa karya ƙashin bayan tsarin ne. Da bazara zafin gari yana rufa wa abin asiri, ruwan yakan yi zafi ko babu tamostat. Hunturu na zuwa sai asirin ya tonu: ruwan yana zagayawa lagireto tun daga minti na farko, iska mai sanyi tana busa shi, injin ba zai taɓa kai wa zafin da kwamfutar ke jira ba, ita kuma ba za ta kashe shi ba. Labarinka ya yi kama da wannan ƙwarai. Ko ba a cire ba, a motar da ta haura shekara goma yana iya maƙalewa a buɗe. Kuɗin sabo bai kai na cika tanki sau biyu ba.

*Baƙin mai.* Injin Prius ta 2010 an yi shi ne don mai mai ruwa-ruwa, lamba 0W-20. Idan ba a samu ba, 5W-30 ya fi kusa. Abin da ya fi yawa a shagunanmu shi ne 20W-50 da SAE 40, kuma za a ce maka ƙasar zafi sai mai kauri. Da safiyar Janairu irin wannan mai kamar zuma yake. Injin da ake kashewa ana tayarwa sau da dama a tafiya ɗaya yana buƙatar man da zai haura sama cikin daƙiƙa. Tambayi wanda ya yi maka juyen mai na ƙarshe me ya zuba, kuma nan gaba ka sayi galan ɗinka a rufe, a buɗe shi a gabanka.

*Tayoyi.* Iskar taya tana raguwa da sanyi, kusan awo ɗaya na psi a duk saukar digiri 5 zuwa 6. Idan mai faci ya auna maka da tsakar rana, taya ta sha kwalta, to da asuba awo uku ko huɗu sun tafi. Ga kuma masu rage iska don ratsa yashi su manta ba su mayar ba. Taya mai laushi jan ƙafa take yi. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba. A auna da safe kafin a yi nisa, duk mako biyu.

Gwajin da ba ya cin ko dala

Gani ya kori ji. Ranar da ba ka da aiki, bari rana ta take, ka hau hanyar Mirriya ka je ka dawo, tafiyar da za ta kai rabin awa, hita a kashe. Sai ka tsaya a gefen hanya, ƙafa a kan burki.

Idan injin ya yi shiru, kuma ka tashi a hankali motar ta ja da batir, to tsarin lafiyarsa lau. Sanyin safiya da gajeruwar tafiya ne suka haɗu da kaurin mai ko laushin taya da na ambata. Idan ya ci gaba da aiki alhali sandunan batir a allo sun haura rabi, tamostat ne babban abin zargi. Tabbacin yana wajen 'yar na'urar binciken da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari a haɗa da waya: ta nuna zafin ruwa. Bayan rabin awa ana tafiya, in ka ga yana yawo a 55 ko 60, magana ta ƙare.

Batirin da ya gaji da gaske alamominsa daban ne, kuma ba ya jiran hunturu. Sandunan allo za su riƙa cika su zube cikin minti biyu ko uku. Fankar da ke sanyaya batir a baya za ta riƙa kuka da ƙarfi. Motar za ta yi nauyi wajen tashi. Daga ƙarshe alwatikan gargaɗi ya bayyana, na'ura ta karanto lamba P0A80. Duk bakaniken da ya ce batir ya mutu, ka roƙe shi cikin mutunci ya nuna maka awon ƙwayoyin a na'ura. Ana karanta su ne biyu-biyu, rukuni 14, kuma a batir mai lafiya awonsu yana tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa. Wanda bai auna ba, hasashe yake yi da kuɗinka.

Kada kuma a rikita shi da ƙaramin batir mai volt 12 da ke cikin but. Shi ba ya juya inji, aikinsa kawai ya tada kwamfuta ya haɗa babban batir. Idan ya yi rauni, safiyar sanyi ce ke fara fallasa shi: READY ta ƙi kunnuwa, fitilu barkatai su cika allo, mai mota ya tsorata. In aka auna shi da safe aka ga ya gaza volt 12, shi ne za a canza, kuma kuɗinsa ɗan kaɗan ne a kan na babban.

Yadda za ka tuƙa ta har sanyi ya wuce

Daina ɗumama mota a tsaye. Al'adar barin inji yana aiki minti goma a ƙofar gida ta zamanin kafireto ce. Kunna, ka ba ta kamar rabin minti ko minti ɗaya, ka ja a hankali. Inji ya fi saurin yin zafi yana jan kaya.

Ka bar hita a kashe a mintoci biyar zuwa goma na farko. Rigar sanyi da hula sun fi fetur araha. Idan za ka kunna, ka sa ta a digiri 20 ko 21, fanka a ƙasa, kuma ka danna ECO, don yana rage yadda hita ke tilasta wa inji aiki. Maɓallin share raɓar gilashin gaba shi ma yana hana EV. A busasshiyar iskar hunturu ba kasafai ake buƙatarsa ba.

Rabu da maɓallin EV. Ko ya karɓa, randa kake kwashewa, kuma injin ne zai dawo ya cika ta da fetur ɗinka, har da 'yar asarar zubawa da kamfatowa. Kwamfutar ta fi ka sanin lokacin da batir ya fi riba.

Haɗa saƙonninka a fita ɗaya. Idan kana da Birni, da Zango, da asibiti, fara da mafi nisa, injin ya yi zafi sosai, sauran tsayawar ka same shi da ɗuminsa. Fita huɗu daban-daban hura wuta huɗu ne.

Ka fara rage gudu tun daga nesa, ka taka burki a hankali, don a nan ne motar ke mayar da gudu wuta. Giyar B ba ta ƙara cajin batir, an yi ta ne don doguwar gangara. A N kuwa batir ba ya caji sam, kada ka bar ta a can a cikin cunkoso.

A kan babbar hanya, ka tuna iskar sanyi ta fi nauyi. Tsakanin digiri 35 da 12 bambancin ya kai kusan kashi 8 cikin ɗari. Ga iskar hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas, mai zuwa Gure ko Tanut da ita yake kokawa. Gudun 90 maimakon 110 zai nuna kansa a tanki.

Da dare ka sa ta a ƙarƙashin rumfa ko jikin katanga inda iska ba ta dukanta. Amma kada ka kwaikwayi mutanen Kanada da ke toshe hancin mota don riƙe zafi. Su sanyinsu wuni yake yi. Mu nan ƙarfe ɗaya na rana mun koma digiri 30, kuma na'urar da ke sarrafa wutar batir tana da nata lagireton a wannan hancin.

Sannan ka daina dogara da allo ko da allurar mai. Cika tanki, rubuta lambar kilomita, yi tafiyarka, sake cikawa a famfo ɗaya, ka raba. Yi haka sau uku kafin gyara da bayan gyara.

Abokin gabar batir na gaskiya

Abin da hunturu ke kawowa wanda ya kamata ya hana ka barci shi ne ƙura. Wannan hazo da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi gari ne mai laushi da ke shiga ko'ina. Babban batirin motarka da iskar cikin mota ake sanyaya shi: akwai 'yar tagar shan iska a gefen kujerar baya, da fanka a bayanta. Wata uku ana tafiya a hanyar ƙasa gilashi a sauke, fuka-fukan fankar za su yi damƙam da ƙura. A Janairu ba za ka ji komai ba. Sai Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, motar ta wuni a rana, batir yana neman iska fanka ta kasa ba shi. Batiran da ke mutuwa a ƙasarmu, zafi ne ke kashe yawancinsu, ƙura ce kuma ke share masa hanya.

Saboda haka, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ƙarshen Fabrairu ka sa a ciro fankar a wanke ta, a share bututunta. Kada fasinja ya toshe tagar da babbar riga, ko buhu, ko darduma. A hanyar ƙura ka ɗaga gilashi. Da bazara ka kunna na'urar sanyaya ba tare da jin ɓarna kake yi ba, don batirin yana shan sanyin tare da kai. Matatar iskar inji da ta cikin mota, a duba su duk wata a wannan lokaci. Ruwan lagireto kuwa, na inji da na na'urar wuta, a zuba mai launin hoda da kamfanin ya tanada. Ruwan rijiya yana barin kanwa da tsatsa a ƙananan hanyoyi.

Gargaɗi biyu. Duk wayar da ka ga mai launin lemo a motar nan tana ɗauke da wutar da ke kisa, kada yaron gareji ya taɓa ta da sunan koyo. Sannan kwamfuresan na'urar sanyaya na lantarki ne, yana da nasa man na musamman, ND-11. Idan mai ɗura gas ya zuba masa man motocin gama-gari, wuta za ta riƙa zurarewa, motar ta ƙi tashi.

Ga masu irin wadda ake jonawa

Wasu masu karatu suna da ɗaya nau'in, wadda ake cajinta a gida, kamar Mitsubishi Outlander PHEV da ta fito a 2013 da batir mai kilowat-awa 12, ko Prius Prime ta 2017 mai 8.8. Waɗannan suna yin kilomitoci da dama da lantarki zalla, kuma a wajensu hita ce babbar mai cin batir. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada motocin lantarki a 2019: a digiri 7 ƙasa da sifili nisan tafiyarsu ya ragu da kashi 12 cikin ɗari ba tare da hita ba, amma da kashi 41 idan an kunna ta. A digiri 35 da na'urar sanyaya, ragin kashi 17 ne, kuma wannan lissafin ne ya fi shafar mu yawancin shekara. Wasu nau'o'in ma ba su da hitar lantarki, kana neman ɗumi injin zai kama ko batir a cike yake. Wannan ba lalacewa ba ce.

Idan akwai wutar NIGELEC da safe, ɗumama cikin motar tana jone, kafin ka cire waya. Batirin lithium ba ya son caji a ƙasa da sifili, abin da ba ya faruwa da mu a nan sai ga mai kwana a Bilma ko tsaunukan Ayar cikin Janairu. Caji da janareton fetur kuwa, man da ka gudu daga gare shi a tanki ne kake ƙonawa a tsakar gida.

A taƙaice, Malam

Ka bi wannan tsari: tayoyi gobe da safe, gwajin hanyar Mirriya ranar hutu, sannan awon zafin ruwa, sannan tamostat da juyen mai idan sun nuna laifi. Ina sa ran za ka sauko kusa da lita 6 tun sanyi bai wuce ba, ka koma 5 ɗinka da shigowar Maris. Daga cikin kuɗin da ka so kashewa a kan batir, cire ɗan kaɗan ka biya a wanke fankar baya. Batirin da ake ce maka sanyi ya kashe yana nan da ransa, kuma idan ka tsare shi daga ƙurar bana, zai haye zafin bazara tare da kai. Allah ya tsare hanya, a gaida ɗalibai.